Ƙamus da Yaron Makaranta a Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum: Waiwaye Cikin Tarihi

Kalmar ƙamus ba Bahaushiya ba ce, kuma ko a wurin Larabawan da aka aro ta, asalinta ba sunan littafi ba ne. Ma'anarta ta farko ita ce teku, musamman tsakiyarsa inda ruwa ya fi zurfi. Wani malami mutumin ƙasar Farisa, Majduddin al-Firuzabadi, wanda aka haifa cikin 1329, ya kuma rasu a Zabid ta ƙasar Yaman a farkon ƙarni na 15, shi ne ya tattara kalmomin Larabci cikin littafi, ya raɗa masa suna Al-Ƙamus al-Muhiɗ, watau tekun da ya kewaye kome. Littafin ya yi farin jini ƙwarai, har sunansa ya zama sunan duk wani littafi irinsa. Ta bakin malamai kalmar ta shigo Hausa, tun kafin Bature ya taka ƙasar.

Abin da za a duba a nan shi ne yadda ƙamus ya zo ƙasar Hausa, da mutanen da aka yi wa shi a kowane zamani, da kuma dalilin da ya sa koya wa ƙaramin yaro amfani da shi ya fi wuya a Anka da Gummi da Bukkuyum bisa ga yadda yake a birnin Kano. Malamai da yawa sukan ɗora laifin a kan yaron, su ce ba ya da kai. Tarihi kuwa wani abu dabam ya nuna. Tun daga kundayen malaman zaure har zuwa littattafan da jami'o'i suka buga, kowane ƙamus da ya shigo ƙasar nan da wanda aka nufa da shi, kuma yaron firamare na yammacin Zamfara shi ne na can ƙarshen layi.

Tekun Malamai

Ƙasar da ake magana a kanta tsohuwar ƙasar karatu ce. Bayan da Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara wajen tsakiyar ƙarni na 18, gidan sarautar Zamfara ya yi ta ƙaura daga wannan gari zuwa wancan, kafin ya tabbata a Anka cikin ƙarni na 19. Gummi kuwa mazaunin Sarkin Mafara ne, Bukkuyum na Sarkin Danko. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wajen shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara a ƙarshen shekarun 1780, kuma cikin 1805 jama'arsa ta yi zango a Sabon Gari na Zamfara kafin ta wuce Gwandu. Saboda haka allo da tawada ba baƙi ba ne a kwarin Gulbin Zamfara da Gulbin Ka.

To, amma yaya yaro ke haɗuwa da harafi a makarantar allo? Da babbaƙu yake farawa, sa'an nan farfaru, sa'an nan ya shiga haɗa su. Kowane harafi da sunan da Hausawa suka laƙaba masa bisa ga siffarsa: ba guje, ta guje, mim ara, mim jaye, ha kuri, jim ƙarami koma baya, shin mai ruwa. Wannan dabara ce mai kyau, domin sunan da kansa yana zana harafin a zuciyar yaro. Sai dai akwai wani abu da ya kamata a lura da shi. Yaron yana tarar da haruffan ne yadda suka zo cikin surar da aka rubuta masa a allo, ɗaya bayan ɗaya. Ba a bukatar ya san wanne ne ke gaba da wanne cikin jeri, don ba abin da zai nema ta wannan hanya. Mutum zai iya sauke Alƙur'ani, ya rubuta shi da ka, ba tare da an taɓa tambayarsa ko dal ce ke riga ra zuwa ba. Ba aibi ba ne ga tsarin. Bukatar ce ba ta taso ba.

Idan almajiri ya shiga karatun littattafai, nan ma ba ƙamus ake miƙa masa ba. Malam shi ne ƙamus. Ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, gaɓa bayan gaɓa, shi kuwa ya riƙe a ka, ko ya rubuta ma'anar da ƙananan haruffa a gefen takarda. Littattafai irin su Ishiriniya da Muƙamatul Hariri da waƙoƙin mawaƙan Jahiliyya su ne rumbun kalmomi, ta cikinsu ake tara lugga. Kalma tana zuwa ne tare da jimlarta da muryar wanda ya koyar da ita.

Littafin Firuzabadi kuwa sai manyan malamai, kuma da dalili. Na farko, da hannu ake kwafarsa, ga girma, ga tsadar takarda. Na biyu, tsarinsa ba na mai koyo ba ne. Ba da harafin farko aka jera kalmominsa ba, da harafin ƙarshe na saiwar kalma aka yi babi, sa'an nan aka yi fasali da harafin farko. Alal misali, mai neman kalmar maktabu sai ya fara tuɓe mata mim ɗin da ke gabanta, ya gane saiwarta kaf da ta da ba ce, ya tafi babin ba, ya nemi fasalin kaf. Wanda bai sha sarfu ba ko ya kwana yana buɗe shafuka ba zai same ta ba. Ba mamaki da Malam Abdullahi na Gwandu ya ba da ƙarfinsa ga wannan fanni, ya wallafa Al-Hisn al-Rasin a kan sarfu, da Al-Bahr al-Muhiɗ a kan nahawu. Ƙamus a wancan zamani abin da ake isa gare shi ne bayan shekaru ana karatu. Har Al-Munjid, wanda aka fara bugawa a Bairut cikin 1908, ya kuma zama ruwan dare a hannun ɗaliban Larabci na ƙasar nan daga baya, da saiwar kalma yake aiki, ko da yake shi da harafin farko ya yi jerinsa.

Ƙamusun Baƙi

Ƙamusun Hausa na boko Turawa ne suka fara shi, kuma don kansu suka yi. J. F. Schön, Bajamushe mai aikin mishan, wanda ya biyo ayarin da Ingila ta aiko Kogin Kwara cikin 1841, ya buga jerin kalmomin Hausa cikin 1843, sa'an nan cikakken ƙamus cikin 1876. Abin sha'awa a nan shi ne daga bakin wa ya ɗebi mafi yawan Hausarsa. Daga bakin yaro ne, Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, wanda aka kama bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Turai cikin 1855, ya zauna a gidan Schön a Ingila yana ba shi labarai da tatsuniyoyi. Watau yaron Bahaushe ya shiga tarihin ƙamus a matsayin rijiyar da ake ɗiba, tun da daɗewa kafin wani ya yi tunanin ba shi guga. Kunnen Schön kuma bai rarrabe tsakanin b da ɓ, ko d da ɗ, ko k da ƙ ba, don haka a rubutunsa kafa da ƙafa abu ɗaya ne.

Bayansa C. H. Robinson, wanda ya zo Kano cikin 1894, ya fitar da nasa a Kambirij cikin 1899 da 1900. Adam Mischlich ya buga na Hausa zuwa Jamusanci a Balin cikin 1906, da taimakon Imam Umaru, Bakano mazaunin Kete-Krachi. Masu karanta waɗannan littattafai 'yan mishan ne da hafsoshi da joji-joji masu shirin jarrabawar Hausa. Da Turawa suka ci ƙasar, suka zaɓi boko a kan ajami don aikin mulki, Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano cikin 1909, ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa cikin 1912.

Gagarabadau cikinsu shi ne ƙamusun G. P. Bargery na 1934. An ce shekara goma sha huɗu ya yi yana aikinsa, kalmominsa sun kai wajen 39,000, shafukansa sun haura 1,200. Ya nuna karin sauti da tsawon wasali na kowace kalma, abin da rubutun yau da kullum ba ya yi. Abin da ya fi shafar Zamfara kuwa shi ne, Bargery bai zauna a Kano kaɗai ba. Ya zazzaga ƙasar Hausa tare da malamansa, yana tattara kalmomi, yana sa musu alamar inda aka ji su: wannan ta Sakkwato ce, wannan ta Katsina, wannan ta Gobir, wannan ta Zazzau ko Haɗeja. Har yanzu in dattijon Gummi ya faɗi wata kalma da ta gagari samarin birni, littafin da aka fi sa ran samunta ciki shi ne wannan. Amma fa ma'anar da Turanci aka ba da ita, littafin kuma ya fi ƙarfin jakar ɗan makaranta, balle aljihun ubansa. R. C. Abraham, wanda ya taɓa aiki tare da Bargery, ya fitar da nasa cikin 1949, da sunan Malam Mai Kano a jikin bangon tare da nasa. Shi ma ma'adinin misalai ne da karin magana, amma cunkoson shafinsa kaɗai ya isa ya kori yaro.

Cikin waɗannan shekaru ne aka yanke wata shawara da ta fi kowace tasiri a kan yaron yamma, ko da yake ba a yi ta da nufin cutar kowa ba. Hukumar Fassara, wadda ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East, ta ɗauki Hausar Kano ta zama ma'aunin abin da za a buga. A ƙarshen shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma, wadda ta fara fita cikin Janairun 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita, ta bazu da wannan rubutu ko'ina. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa cikin 1955 ta ƙara ƙarfafa shi. Ba wanda zai yi musun amfanin daidaitacciyar Hausa. Ba don ita ba da littafin Zariya bai karantu a Maraɗi ba. Sai dai kowane ma'auni akwai wanda yake zaune kusa da shi, akwai kuma na nesa.

Boko Ya Iso Yamma

A zamanin Turawa, Anka da Gummi da Bukkuyum gundumomi ne ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. Yaron da ya gama elementare ya kuma yi sa'a, sai ya wuce midil a Sakkwato. Makarantar horon malamai ta Maru, inda Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki cikin 1950, tana cikin wuraren da ake yaye malaman da za su riƙe azuzuwan lardin. A elementare da Hausa ake karatu, kuma ba ƙamus cikin kayan aji, domin ba a yi na Hausa zuwa Hausa ba tukuna. Ƙamusun da ɗan makaranta ya fara riƙewa da hannunsa na Turanci ne, wanda tsofaffin ma'aikata ke tunawa da sunan mai shi kawai, watau Michael West.

Wannan littafi ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. West ya yi aikin ilmi a Bengal ta ƙasar Indiya, ya ga yadda yara ke buɗe ƙamus don neman ma'anar kalma ɗaya mai wuya, su tarar an fassara ta da kalmomi uku da suka fi ta wuya. Saboda haka a ƙamusun da ya fitar cikin 1935 ya ɗaure kansa da kalmomi 1,490 kacal, da su ya bayyana duk sauran. A wannan shekarar dai, can Amurka, Edward Thorndike ya fitar da ƙamusun yara wanda ya gina bisa ƙidayar kalmomin da yara suka fi cin karo da su a karatu. Mutanen biyu abu ɗaya suka gane: ba a samun ƙamusun yaro ta hanyar datse na manya, sai an sake gina shi tun daga tushe. Shekara ɗaya tak ke tsakanin littafin Bargery da waɗannan biyu, amma darasinsu bai ƙetaro zuwa Hausa ba.

Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya cika ƙauyuka da ƙananan littattafai na Hukumar NORLA, kuma daga cikin ma'aikatanta ne Neil Skinner ya fito da ƙananan ƙamusoshi, har da Kamus na Turanci da Hausa na 1965. Wannan karon Bahaushe aka nufa, amma Bahaushe mai neman Turanci. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa cikin Satumban 1976, yara suka yi ambaliya cikin azuzuwa a Jihar Sakkwato ta lokacin, wadda Zamfara ke cikinta har zuwa 1996, aka rasa isassun malamai, aka ɗebi waɗanda horonsu bai nuna ba. Cikin 1977 manufar ilmi ta ƙasa ta ce a koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ya fi rinjaye a yankinsa, a shekarun farko na firamare. A shekarar dai Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Bayero a Kano ta fitar da Sabon Kamus na Hausa Zuwa Turanci, aikin Paul Newman da Roxana Ma Newman tare da ma'aikatan Cibiyar. Ƙarami ne, mai tsabtar shafi, mai shiga jakar ɗalibi, kuma ya yi wa 'yan sakandare da kwalejojin horon malamai amfani matuƙa. Amma sauƙin nasa ya samu ne ta hanyar tsayawa kan daidaitacciyar Hausa ta zamani. Abin da aka rage don littafin ya yi sauƙin ɗauka, cikinsa har da kalmomin da ake faɗi a kasuwar Gummi.

Ƙamusun da zai bayyana Hausa da Hausa ya daɗe bai zo ba. Calvin Y. Garba ya fitar da Kamus na Harshen Hausa cikin 1990, sa'an nan cikin 2006 Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero ya fito, bayan shekaru masu yawa ana aikinsa. Daga ƙamusun Schön zuwa wannan, shekara 130 ke nan. Babban aiki ne, kuma ya rufe bakin masu cewa Hausa ba ta iya bayyana kanta. Duk da haka littafin malami ne da ɗalibin jami'a, ba na ɗan aji uku ba.

Ƙofofin da Yaro Zai Wuce

Idan aka ajiye ƙamus a gaban yaro ɗan shekara takwas a Bukkuyum, aka ce ya nemo kalma, ƙofar farko da zai tarar ita ce jerin haruffa. Manya sukan manta cewa wannan jeri ba a haihuwar mutum da shi. Ko a Ingila, lokacin da Robert Cawdrey ya buga ƙamusun Turanci na farko cikin 1604, sai da ya tsaya ya yi wa masu karatu, manya ba yara ba, bayanin cewa wajibi ne su haddace jerin, su san harafin da ke kusa da farko, da na tsakiya, da na wajen ƙarshe. Yaron Zamfara kuwa tsari uku ke yawo a kansa. Da asuba yana makarantar allo inda haruffa ke tafiya daga dama zuwa hagu, ba bisa jeri ba. Da hantsi ana rera masa haruffan Turanci 26. A darasin Hausa kuma a raba masa wasula biyar gefe guda, baƙaƙe gefe guda, a cire p da q da v da x, a ƙaro ɓ da ɗ da ƙ da 'y, da tagwaye irin su sh da ts. Ƙamus kuwa ya gwama wasula da baƙaƙe cikin layi ɗaya, kuma su kansu ƙamusoshin ba su bi hanya guda ba wajen ajiye masu ƙugiya da tagwaye. Malamin da bai buɗe gabatarwar littafin da ke hannunsa ya ga tsarinsa ba, zai koyar da jerin da littafin bai bi ba.

Maganin wannan ƙofa yana cikin ajin, ba sai an sayo ba. Sunayen yaran kaɗai sun isa. A aji ɗaya za a sami Abdullahi da Abubakar da Aliyu da Aminu da Amina. In aka ce su yi layi bisa haruffan sunayensu, dole gardama ta kai su ga harafi na biyu, da na uku, har na biyar, su da kansu su gano abin da ya sa Amina ke gaban Aminu.

Ƙofa ta biyu ita ce gane siffar da aka ajiye kalma da ita. Yaro ya karanta awaki, ƙamus kuwa akuya ya sani. Ya ga tumaki, sai ya koma tunkiya. Ya ga birane, sai birni. Ya ga duwatsu, sai dutse. Jam'in Hausa ba ɗafa harafi ɗaya ne a wutsiya ba, sau da yawa cikin kalmar ake shiga a sake mata gini. Aikatau ma haka: karanta, karance, karanto, karantu da karantar duk 'yan gida ɗaya ne, waɗanda F. W. Parsons ya tsara su cikin giredi-giredi a 1960. A nan yaron ya dawo daidai inda almajirin Firuzabadi ya tsaya, watau sai da ɗan sarfu ake shiga teku. Bambancin shi ne wannan sarfun yana bakinsa tun yana goye, aikin malami kawai ya sa shi ya lura. Tambayar “in guda ɗaya ce, me ake ce mata?” ta fi bayanin nahawu na rabin sa'a. In ya sami kalmar kuma, sai ya tarar da gari biyu, ɗaya na zama ɗaya na tuwo. Wuya biyu, ɗaya a jiki ɗaya a rayuwa. Kuka na ido da kuka ta miya. Rubutu bai raba su ba, murya ce ta raba, don haka sai an faɗi jimlar da ƙarfi kafin a zaɓa.

Ƙofa ta uku ita ce ta yamma kaɗai, ita ce kuma mafi tsauri. Zamfarci ɗan'uwan Sakkwatanci ne cikin karin harshen yamma. Yaron Anka abin da ya ji a gida shi ne zamna da sabro da abduga da amre, littafi kuwa zauna da sauro da auduga da aure ya rubuta. Yana cewa hwara da hwata, littafi ya ce fara da fata. Yana cewa tahi da kihi da hita, littafi ya ce tafi da kifi da fita. Yana ƙirga biyat, littafi ya ce biyar. Yana cewa shina zowa, da munka da sunka, da ɗiya a inda littafi ya ce 'ya'ya. A zance wannan ba kome ba ne, Bakano da Bazamfare ba su taɓa bukatar tafinta ba. A ƙamus kuwa harafi ɗaya tafiyar shafi hamsin ce. Yaron da ya bi duk abin da aka koya masa daidai, ya buɗe babin h yana neman hita, zai fito hannu wofi, alhali kalmar na zaune a babin f. Abin da zai ɗauka shi ne ɗayan biyu: ko shi ne dolo, ko kuwa maganar gidansu ba Hausa ba ce.

Duka biyun kuwa ƙarya ne, kuma ilmin harshe ya daɗe da tabbatar da haka. Tun cikin 1928 Bajamushen masani August Klingenheben ya nuna cewa a tarihin Hausa wasu baƙaƙe da ke rufe gaɓa sun narke sun koma u. Wannan narkewa ta cika a Hausar Kano, amma baƙaƙen leɓe sun tsira a yamma. Watau zamna ta girmi zauna, sabro ya girmi sauro. Malamin da ya daka wa yaro tsawa a kan abduga, tsohuwar siffar kalmar yake kora. Ba ana cewa a bar yaro ya rubuta jarrabawa da Zamfarci ba ne. Daidaitacciyar Hausa ita ce ta takarda, kuma hana shi ita zalunci ne. Ana cewa ne bambance-bambancen nan suna da ƙa'ida, ba su kuma da yawa. Yaron da aka gaya masa sarai cewa hw da hi na bakinsa sau da yawa f ne a littafi, kuma am da ab na tsakiyar kalma sukan koma au, an ba shi mabuɗin ɗaruruwan kalmomi cikin darasi biyu. In aji ya ware littafin rubutu guda, shafi ga kowane harafi, yara suna zuba kalmar gida a hagu, ta littafi a dama, to kafin ƙarshen zango sun yi ƙamusu da hannunsu, sun kuma san yadda ake gina shi. Wannan ya fi zama wajibi ga 'ya'yan Fulani na rugage, da yaran kudancin Gummi da Bukkuyum da ke maƙwabtaka da ƙasar Zuru, waɗanda a wurin wasunsu Hausar ma harshe na biyu ce.

Shekarun baya-bayan nan ba su sauƙaƙa wa wannan yanki ba. Cikin 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma sananne ne ga likitoci cewa dalma tana raunana fahimtar yaran da suka tsira. Cikin Satumban 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Masu cewa wayar hannu ta kashe ƙamusun takarda sai su tuna da waɗannan makonni. Gaskiya ne an ɗora ƙamusun Bargery a intanet, kuma mai nema a waya ba ya bukatar jerin haruffa. Amma waya ba ta buɗe ƙofa ta biyu da ta uku ba: wanda ya danna kalma da siffar da ba a ajiye ta da ita ba, allon zai ce masa babu, kuma ba shi da shafin maƙwabta da ido zai faɗa a kai ya gano ta.

Manufar gwamnati ma ta yi ta juyi. Cikin Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a duk shekaru shida na firamare. Cikin Nuwamban 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan, aka koma Turanci. Ko da wane harshe aka tsayar, Hausa na nan cikin darussa, kuma yaron da zai nemi kalmar Turanci a ƙamus da wannan hannun da wannan idon zai neme ta. Kayan aikin ƙaramin ƙamusun yara na Hausa kuwa a tare suke tun tuni: dabarar taƙaita kalmomin bayani tana wurin West tun 1935, bayanin Hausa da Hausa yana cikin littafin Bayero na 2006, kalmomin yamma da alamominsu suna cikin Bargery, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta sake bugawa a Zariya cikin 1993. Abin da za a ƙara shi ne ɗan layi a babin h mai cewa hita, duba fita, da wani a babin z mai cewa zamna, duba zauna. Kwalejin Ilmi ta Maru da Sashen Hausa na jami'o'in Gusau da Sakkwato suna cike da ɗalibai waɗanda da wannan karin harshe aka yi musu tatsuniya, kuma su ne za su iya cewa wace kalma ce ɗan aji uku na Gummi zai fara nema.